Lambar da Ta Ƙi Tsayawa

Mutumin da ya yi alkawarin zai tarye ni a tashar jirgin ƙasa bai zo ba. Bala sunansa, ko in ce haka ya faɗa mini a waya. Ɗan ƙasarmu ne, wani abokin aikina ya haɗa mu tun ina gida. Ya ce ya samo mini ɗaki kusa da jami'a, na tura masa kuɗin kamawa, shi kuma ya turo mini hoton gado da taga da labule mai furanni. Na zauna a kan akwatina tun azahar har la'asar ta wuce ina kiran lambarsa, wata mata tana ba ni amsa da yaren da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Sai daga baya na gane sanarwar kamfanin waya ce cewa layin a kashe yake. Da na gaji na nuna wa direban tasi adireshin, ya kai ni, na tarar shagon faci ne. Har na bar ƙasar Folan ban sa Bala a idona ba.

Mai facin ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensa. Ya duba takardar shiga jami'a da na miƙa masa, ya dubi takalmin da ke ƙafata, irin na zuwa ofis a Kano, ya girgiza kai. Ya zaunar da ni kusa da hita, ya ba ni shayi ba madara, ya buga waya wuri biyu ko uku, sannan ya rufe shagonsa da sauran rana ya kai ni gidan kwanan ɗalibai a motarsa. Na so in tambayi sunansa, ban san yadda ake tambaya ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, ba ka tafiyar minti biyar ba ka yi wa wani sannu da aiki ba. Shekara biyar na yi ina koyar da fiziks a sakandare kafin in samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki. Na baro gida ana shirin yankan dawa. A garin da na sauka kuwa sai in yini ban ce wa kowa uffan ba, kuma babu wanda ya ɗauki hakan wani abu. A bas, kujerar da ke kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Da farko abin yana damuna, daga baya na riƙa ajiye jakata a kai.

Farfesar da aka ba ni mace ce, gajera, mai furfura, ba ta ɓata magana. Ranar farko ta kai ni ɗakin injina da ke ƙasan bene, ta nuna mini wani injin lantarki da girmansa bai wuce tukunyar miya ba, irin wanda ake haɗawa da famfon ban ruwa. Ta ce an riga an gwada shi, an auna ƙarfin juyinsa, ya ba da goma sha biyu. Aikina shi ne in gina irinsa a cikin kwamfuta, da tsawo da faɗi da kauri, in sa ta lissafa yadda ƙarfin maganaɗisu yake zagayawa a cikinsa, a ga ko ita ma za ta ba da sha biyun. In ta bayar, an yarda da ginin ke nan, sai a riƙa canza ƙirar injin a kwamfuta ba sai an ƙera sabo kowane lokaci ba.

"Wata huɗu," in ji ta. "In ya yi, ka ci gaba. In bai yi ba, ba zan sa hannu a takardar sabunta zamanka ba. Ba ƙiyayya ba ce, ƙa'ida ce."

Ta haɗa ni da babban ɗalibinta mai neman digiri na uku, Kamil. Da na ji sunan raina ya yi fari, na yi masa cikakkiyar sallama. Ya dube ni bai gane ba. Ashe su ma suna da sunan a yarensu, kuma ba shi da haɗi da namu. Shi ya ba ni zanen injin kamar yadda masana'anta ta aiko da shi, ya ce, "Komai yana ciki. Raga kawai za ka sa, ka danna." Bai gaya mini ɗalibai biyu sun riga sun ajiye aikin nan sun kama wani ba.

Ragar nan, wadda su suke kira mesh, ita ta ci mini wata shida. Kwamfuta ba ta iya lissafa inji a dunƙule. Sai an yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ƙarfensa da wayarsa da maganaɗisunsa, har da iskar da ke cikinsa, kowane yanki mai kusurwa huɗu kamar ƙaramar dalar gyaɗa, sannan ta yi lissafi a kowanne ta haɗa. In ka duba allo sai ka ga injin kamar an lulluɓe shi da ragar kamun kifi. Yanki mai kyau shi ne mai jiki, wanda gefunansa suka kusa zuwa daidai. Mara kyau shi ne wanda ya fito siriri kamar tsinke, ko ya baje kamar ɓawon albasa. A cikin irinsu lissafi yake lalacewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su ɓata amsa gaba ɗaya. Wuri mafi wuya shi ne 'yar ratar da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye. Iska ce kawai a wurin, kaurinta bai kai na farce ba, amma a nan ake karanta ƙarfin juyin.

Na sa raga, na danna. Kwamfuta ta ba ni tara. Na rage idanun ragar, ta ba ni sha biyar. Na sake ragewa, ta dawo sha ɗaya. Layin da ya kamata ya fito a kwance a kan allo sai ya fito kamar haƙoran zarto. A littafi an ce in kana rage girman yankuna, amsa za ta riƙa matsowa har ta tsaya wuri ɗaya. Tawa ba ta karanta wannan littafin ba. Sai na yi abin da duk wanda bai sani ba yake yi, na niƙe ragar ko'ina har yankunan suka kai miliyoyi. Babbar kwamfutar sashenmu ta yi kwana biyu tana fama, sannan ta tsaya ta ce ƙwaƙwalwarta ta cika. Washegari na tarar da takarda manne a teburina, ba sa hannu, an rubuta cewa kwamfutar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Sanyi ya kankama. Rana takan faɗi ƙarfe huɗu bai yi ba. Wata guda na yi ina cin burodi da ƙwai da kifin gwangwani kafin in gano shagon wani ɗan Siriya mai sayar da naman halal, Ammu Halid, a bayan tashar bas. Da ya ji daga inda nake ya tambaye ni ko ina cin kai da ƙafa, don mutanen garin ba sa saye. Daga nan duk Asabar sai in tarar ya ƙulle mini ƙafafun tunkiya a leda, in na kai hannu aljihu ya ɓata rai. Ba mu cika hira ba. Larabcina na makarantar allo ne, Turancinsa na ciniki.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Baba ba ya riƙe waya, sai babban wana, Yaya Habu, ya kai masa tasa bayan an sauko daga masallaci. Baba bai taɓa tambayata karatu ba.

"Sabi'u, su mutanen nan me suke shukawa?"

"Dankali da alkama, Baba. Sai wani abu kamar gwaza da suke yin sukari da shi."

"A wannan sanyin? To da me suke taki?"

"Ban shiga gonarsu ba tukuna."

"Ka shiga mana. Mutum ya je gari bai ga gonarsa ba, ai bai je ba."

Shekarar ba ta yi wa gida daɗi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawar ba ta cika ido ba, Yaya ya fitar da ɗaya daga cikin shanun huɗa biyun da muke da su. Wannan ba daga bakin Baba na ji ba.

Saura mako biyu wata huɗun su cika na kai wa Kamil takardar da na jera amsoshina, ashirin da wani abu, babu biyu masu kama da juna. Ya bi su da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya, sha biyu da ɗigo ɗaya.

"Ga amsarka nan."

"Amma ta gaba da ita sha huɗu ce, kuma idanun ragarta sun fi ƙanƙanta."

"Wa ya ce ka nuna ta gaba? Kowa haka yake yi. Ka nuna wannan ka samu sa hannu, gyara ya biyo baya."

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Shawara ya bayar, ni na ɗauka. Na san abin da nake yi, ni da na sha zare wa ɗalibaina maki don sun gyara amsar gwaji ta dace da ta littafi.

Ranar taron sashe, mutum goma sha wani abu a ɗaki, na haska hoton injin a majigi da launukansa ja da shuɗi, na haska lambar. Wasu suka gyaɗa kai. Farfesa ba ta gyaɗa ba. Ta cire tabarau ta ce, "Da kyau. Raga nawa ka gwada?"

"Da dama, Farfesa."

"Nuna mana wadda ta fi wannan ƙananan ido."

Na ce ban zo da ita ba. Ta ce ba komai, ai komai yana kan babbar kwamfuta, ta jawo tata ta buɗe da kanta. Duk amsoshin suna nan a jere da ranakunsu, don ban yi wayon gogewa ba. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba sauri: tara, sha biyar, sha ɗaya, sha huɗu. Babu wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Kamil yana duban wayarsa.

Da kowa ya fita ta ce in tsaya.

"Rashin samun amsa ba laifi ba ne a wurina. Wannan kuwa laifi ne. Wa ya sa ka?"

"Ni ne, Farfesa."

Ta daɗe tana kallona. "Na ƙara maka wata uku. Ba don kai ba, don aikin. Kuma daga yau duk lambar da kwamfuta ta ba ka, mai daɗi da mara daɗi, ina son ganinta a rubuce."

Juma'ar da ta biyo baya na kira gida. Baba ya tambayi sanyi, na ce da sauƙi. Ya tambayi abinci, na ce alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, na ce layin ba kyau, na katse. Daga ranar na koma tura wa Yaya saƙo a rubuce. Na ce wa kaina sai lambar ta tsaya zan sake kira da baki.

Mai kula da ɗakin injina wani dattijo ne, Tadek, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Yana wurin taron nan, a kujerar baya. Bayan kwana uku ya hawo bene, abin da ba ya yi, ya tsaya a bayana yana kallon allona da launukansa. Turancinsa guntu-guntu ne.

"Hoto kyau," in ji shi. "Nuna mummuna."

Ban gane ba. Ya jawo kujera ya karɓi linzamin kwamfutar. Ashe kafin ya koma ƙasan bene ya yi shekaru yana irin wannan aikin a wata masana'antar taransifoma da aka rufe. Ya shiga wani lungu na manhajar da ban taɓa buɗewa ba, inda take jera yankuna daga mafi kyau zuwa mafi muni. Ya sa ta ɓoye komai ta bar ɗari biyun ƙarshe. Injin ya ɓace daga allo. Abin da ya rage wasu ɗige-ɗige ne jajaye, kuma ba a warwatse suke ba. Layi takwas suka yi, kowane layi a gindin maganaɗisu ɗaya.

"Ƙara girma," ya ce. Na ƙara. "Ƙara."

Na yi ta ƙarawa har layin da na ɗauka ɗaya ne ya rabu biyu. A zanen masana'anta, gindin maganaɗisu bai zauna a kan ƙarfe ba. Akwai wata tsaga tsakaninsu da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, a wani wurin kuma sun ɗan shige cikin juna. Manhajar ba ta san kuskure ba ne, ta ɗauka da gangan aka yi, sai ta cika tsagar da tsinkaye. Duk lokacin da na rage idon raga, sababbin tsinkaye nake haifarwa. Wata huɗu ina kallon launuka, ban taɓa tambayar inda munanan suke taruwa ba.

Ya kai ni ƙasa, ya kwance injin na gaskiya a kan tebur, ya miƙo mini ma'auni. Yini biyu muna aunawa, yana faɗa ina rubutawa. Ya nuna mini notuna da kusoshi, da 'yan gefunan da aka goge don kada su yanki hannu, da sunan masana'anta da aka tono a jikin murfi. Duk suna cikin zanen, duk manhajar tana shan wahalar yayyanka su a banza.

"Maganaɗisu ba karatu," ya ce, yana buga haruffan da yatsa. "Cire."

Ya ce kada in yi wa tsohon zanen faci, in zana sabo tun daga tushe, duk inda fuska biyu suka haɗu in tabbatar fuska ɗaya ce. Da yake maganaɗisun takwas iri ɗaya ne, in ɗauki kashi ɗaya cikin takwas kamar ɓarin lemo, sauran maimaicinsa ne. A ratar iska kuwa in shimfiɗa raga hawa uku da kaina, kada in bar wa manhaja zaɓi. Ranar farko da rana ya miƙo mini rabin burodinsa, na ga naman da ke ciki na ce na gode, ban karɓa ba. Bai tambayi dalili ba. Washegari ya zo da ƙunshi biyu, nawa cuku da kokwamba.

Ina tsakiyar sabon zanen annoba ta iso. Cikin mako ɗaya aka rufe jami'a, aka rufe iyakoki, jirage suka daina tashi. Tadek ya zauna a gida saboda shekarunsa. Ɗalibai 'yan ƙasa suka koma wurin iyayensu, gidan kwanan ya rage mu kaɗan, kowa a ɗakinsa, sai ka ji ƙarar famfo a hawa na ƙasa ka san akwai mai rai. Aka ba ni damar shiga babbar kwamfuta daga ɗakina. Abin da ake faɗa a kansa jiya ya zama nawa ni kaɗai.

Labarin gida yana zuwa a saƙonnin Yaya. An kulle Kano, ba kasuwa, ba Juma'a. Wane ya rasu, wane ya rasu, yawanci dattawa. Ƙarshen kowane saƙo iri ɗaya ne: mu dai lafiya, Baba yana gaishe ka.

Na gama zanen. Na sa raga mai manyan ido, kuma kafin in danna komai na fara duba munanan yankuna. Akwai sauran tsinkaye a bakin ramukan da waya take kwanciya, na gyara su. Na danna, ta ba ni sha uku da ɗigo huɗu. Na raba idanun biyu, ta ba ni sha biyu da ɗigo takwas, haƙoran zarton kuma suka kwanta. Na sake, sha biyu da ɗigo shida. Kowace na rubuta ta a littafi da ranarta. Ta huɗun ce za ta raba gardama, tana kuma bukatar kamar awa shida. Na danna ta da hantsi, saura kwana biyu a kama azumi.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Yaya Habu ne, da baki, ba saƙo ba.

"Sabi'u, tun ɗazu nake neman layinka bai shiga ba. Kana zaune?"

"Ina zaune, Yaya."

"Sai haƙuri. Baba ya cika da azahar. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi abin da ya same shi, ya ce zazzaɓi ne da numfashi, kwana tara yana kwance. Na ce, kwana tara? Ya ce e. A bayansa ina jin muryoyin masu gaisuwa da kukan akuya.

Da na ajiye wayar ban san inda zan sa kaina ba. Babu jirgi, babu masallaci, babu ƙofar da zan buga. Na ci gaba da zama a inda nake, allon yana gabana, saura kaɗan lissafin ya ƙare. Na kalle shi har ya ƙare. Sha biyu da ɗigo shida. Ta tsaya. Na ɗauki biro na rubuta ta a ƙarƙashin 'yan'uwanta, na sa rana, tunda an ce in riƙa rubutawa. Sannan na yi alwala, na sa takunkumi, na fita.

Shagunan abinci an bar su a buɗe. Na tarar da Ammu Halid yana goge teburin yanka. Na faɗa masa da ɗan Larabcin da nake da shi, kalma biyu. Ya ajiye tsumman, ya rufe ƙofa, ya kira ƙaninsa da suke shagon tare. Ya ce za mu yi masa salla. Na ce an riga an binne shi, kuma a garinmu ban taɓa ganin an sallaci wanda ba ya gaban mutane ba.

"A wurinmu ana yi," ya ce. "Mun saba. Yawancin namu haka muka sallace su."

Muka tsaya mu uku a ɗakin ajiya, tsakanin firji da buhunan shinkafa, da tazara a tsakaninmu, ya ja kabbara huɗu. Da aka idar ya tambayi sunan Baba don addu'a. Na faɗa, ya maimaita sau biyu har ya faɗe shi daidai.

Cikin azumi na tura wa Farfesa rahoto, da amsoshin duka, tsofaffi da sababbi. Lambar ba ta zo daidai da sha biyun da aka auna ba, ta ɗara da ɗigo shida. Na rubuta cewa zafin da maganaɗisu ke ɗauka da gogayyar ƙarfe a wurin juyi ba sa cikin ginina, a nan nake zaton ragowar ta tafi. Ta amsa da layi biyu. Ta ce wannan lambar ta yarda da ita don ta ga hanyar da ta biyo, kuma ta sa hannu a takardata. Ban gaya mata rasuwar ba. Babu gurbinta a rahoton.

Da aka sake buɗe jami'a na ga muƙala ta fito a wata mujallar masana, sunan Kamil a gaba, na Farfesa a baya. Hoton ragar da ke shafi na uku tawa ce, na gane ta kamar yadda mutum yake gane rubutun hannunsa. Ya ɗauko ta ne daga ma'ajiyar sashe inda aka ce kowa ya riƙa ajiye aikinsa. Sunana yana can ƙasa a wurin godiya, an rubuta shi ba daidai ba. Na Tadek babu shi ko'ina. Na je wurin Farfesa. Ta ce Kamil ya gaya mata shi ya yi ni na taya shi, kuma ya kamata ta tambaye ni ba ta tambaya ba. Ta ce muƙala ta biyu za ta fito da sunana a gaba, ta kuma cika alkawari. Kamil kuwa da muka haɗu a matakala cewa ya yi, "Ai ni na ba ka aikin tun farko." Bai yi ƙarya ba, na wuce. Da na nuna wa Tadek mujallar bai duba sunaye ba. Ya kai fuskarsa kusa da hoton, ya ƙirga hawa uku a ratar iska, ya mayar mini.

Na dawo gida da damina, gero ya kai ƙugu. Yaya ya ɗauko ni a babur daga bakin titin Dawakin Tofa, ya fara kai ni maƙabarta kafin gida. Kabarin ya riga ya kwanta, an kuma samu sababbi da yawa a kewayensa, sai da ya ƙirga daga gindin wata aduwa ya gane shi. Muka yi addu'a muka juyo.

Da la'asar, bayan masu sannu da zuwa sun ragu, na zauna a ƙofar ɗakin Inna tana gyaran zogale a faranti. Ta ce in nuna mata abin da ya riƙe ni. Na buɗe kwamfuta na nuna mata ɓarin injin da ragarsa. Ta goge hannu a zanenta, ta matso ta duba sosai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"To Allah ya sa albarka. Saƙar dai ta yi kyau, babu ƙulli."

Ta koma kan zogalenta. Sai na yi tambayar da ban iya yi wa Yaya ba, ko a waya ko a kan babur. Na ce me ya sa har kwana tara babu wanda ya faɗa mini.

Ba ta ɗago ba. "Shi ya hana. Sau biyu Habu yana ɗaukar waya zai kira ka, ya ce ya ajiye. Ya ce tun ranar da kuka yi maganar ƙarshe ya san kana cikin wani abu mai nauyi, kada a ɗora maka wani a kai, a bar ka ka fita tukuna."

"Ai ban faɗa masa komai ba, Inna. Lafiya lau na ce masa."

Ta juye ganyen a ƙwarya, ta kaɗe farantin.

"Ai shi ya sa," in ji ta.